Ermes Mai Walda da Dokin Ƙofar Motar Tsere

A Spilamberto in ka ce kana neman Ermes Gavioli sai mutane su tsaya suna sosa ƙeya, don masu sunan Gavioli suna da yawa a garin. Amma in ka ce Ermes Mai Walda, ko tsohuwar da ke sayar da jarida a bakin dandali za ta nuna maka gidansa da leɓe ba tare da ta ɗago kai ba. Gajere ne kakkaura, da tumbi kamar an kifa masa ƙwarya a ƙarƙashin riga, hannayensa duk tabon tartsatsi. In ya yi dariya a wannan ƙarshen layi, karnukan wancan ƙarshen sukan amsa masa.

Ubansa manomi ne mai 'yar gona da shanu huɗu, amma Ermes bai gaji noma ba. Yana da shekara goma sha huɗu garmar gidansu ta karye, aka aike shi ya kai ta gyara. A nan ya ga yadda ake haɗa ƙarfe biyu da wuta su koma ɗaya, tun daga ranar bai ƙara yi wa saniya kallon arziki ba. Ya yi shekara biyar yana ƙera ƙofofin garke da sakatunsu, yana liƙe bokitai da tankunan madara, har wata rana wani dogon mutum mai suna Oreste ya tsaya a shagon a gyara masa salansa. Da aka gama ya durƙusa ya shafa ɗinkin waldar da yatsa, ya ɗago ya dubi yaron.

"Kai, wa ya koya maka wannan?"

"Tsoron noma, ranka ya daɗe."

Oreste ya yi dariya har da tari, ya ce gobe ya same shi a wurin aikinsa.

Sana'ar Oreste ƙera motocin tsere ne na hawa titi, masu kujera biyu, irin waɗanda in suka tsaya kusa da kai rufinsu da ƙyar yake kai maka cibiya. Ba wani babban kamfani ba ne. Doguwar rumfa ce a bayan gari, ma'aikata ashirin da 'yan kai, in shekara ta yi albarka su fitar da mota arba'in. Rabon Ermes a aikin shi ne ƙashin mota, wato bututun ƙarfen da ake yankawa a haɗa su kamar keji, a ɗora inji a baya, a ɗaura tayoyi, sannan a lulluɓe da bodi mai sheƙi. Mai saye ba ya ganin ƙashin nan ko sau ɗaya, fenti yake gani da fatar kujera. Wannan bai taɓa damun Ermes ba. Yakan ce, "Su yi ta yabon Ivo da jan fentinsa. Ranar da suka sha kwana da gudun ɗari biyu, ni za su sa wa albarka." Ivo shi ne mai fenti, siriri kamar tsinken tsire, abokin tsokanarsa tun suna samari. Shi ya laƙaba masa suna Tumbi, shi kuma yana kiransa Sauro.

Ya auri Nives, 'yar mai gidan burodi, suka haifi 'ya ɗaya, Gilda. Nives mace ce mai tsafta da kaifin baki, kuma cikin shekara talatin na aurensu ba ta taɓa sa ƙafa a motar da mijinta ya ƙera ba. Ta ce ita ba za ta zauna a ƙasa kamar mai tsince wake ba, jama'a suna kallon gwiwoyinta. Girkinta kuwa, musamman 'yan ƙulle-ƙullen taliyar nan masu nama a ciki da take saki a romo ranar Lahadi, shi ya gina tumbin da ya sama wa Ermes aiki na biyu a rumfar. Oreste yakan ce samari ke ƙaunar motocinsu, amma kakanninsu ke da kuɗin saye. Saboda haka duk sabuwar motar da aka zana, sai an jira Ermes ya gama cin abincin rana, ya zo ya shiga ya fita sau uku. In ya yi ba tare da nishi ba, mota ta ci jarrabawa. Ana kiran wannan awon Tumbi, kuma har a jikin takardun zane akwai inda Oreste ya rubuta shi da fensir.

Haka aka yi ta tafiya har Ermes ya ba hamsin baya. Kirarinsa ɗaya ne, kowa ya haddace: abin da Ermes ya ɗinke ba ya lanƙwasa.

A wajen ƙarshen shekarun 1990 sai ga sabuwar doka, cewa sabon samfurin mota sai an gwada shi da karo ta gefe. Za a ajiye motar a tsaye, a sako wani amalanken ƙarfe mai nauyin kusan tan guda da gudun kilomita hamsin, ya daki ƙofar direba. A kujerar kuma a zaunar da mutum-mutumi mai haƙarƙarin ƙarfe da wayoyi a ciki. In haƙarƙarin nan ya lotsa fiye da milimita arba'in da biyu, an faɗi. Oreste yana da sabuwar mota a hannu wadda yake so ya sayar ko'ina ba tare da roƙon alfarma ba, ga shi bai san kan wannan lissafi ba. Sai ya ɗauko injiniya, wata mata mai suna Tiziana, 'yar shekara talatin da biyar, wadda ta yi aiki a wani babban kamfani a Torino ta dawo gida don ta zauna kusa da mahaifiyarta.

Ranar da ta fara zuwa ta zagaya ƙashin sabuwar motar sau biyu, ta tsuguna ta auna tsayin dokin ƙofa daga ƙasa, ta tsuke baki.

"Baba Ermes, aikin nan ya yi kyau, ban taɓa ganin walda mai tsafta haka ba. Amma ba zai wuce ba."

Ermes ya ɗage gilashin waldarsa zuwa goshi. "Injiniya, maimaita, kunnen nan nawa ya sha guduma."

"Na ce ba zai wuce ba. Motar ta yi ƙasa da yawa. Duk ƙarfin da ka zuba yana nan a dokin ƙofa, amalanken kuwa hancinsa ya fi nan tsawo. Ta sama zai bi, ya sami ƙofa, ƙofar kuma kwali ce."

"Kina cikin zanen goyo nake wannan aiki. Mota ta taɓa wuntsilawa sau uku da wani Bajamushe a ciki, ya fito yana gyara hularsa."

"Wuntsilawa daban, duka a haƙarƙari daban."

"To sai a gwada. Ai gani ya kori ji."

Oreste ma ya goyi bayan a gwada, don a zuciyarsa ya fi yarda da hannun Ermes a kan kwamfutar Tiziana. Sai a lokacin Ermes ya gane abin da gwajin yake nufi. Motar da ya yi mako shida yana ɗinke wa ƙashi, ita za a kai a ragargaza da gangan, da rana tsaka, kowa yana kallo. Ya ce shi ba za shi ba, ba a kai uba mahauta ya ga ana yanka ɗan maraƙinsa. Nives ce ta goge masa rigarsa ta zuwa coci ta ajiye a kan kujera, ta ce, "Baban Gilda, kai ka cika baki a gaban mutane. Tashi ka je ka kwashe abinka."

Wurin gwajin yana kusa da Milano, wani makeken ɗaki mai fitilu da suka fi rana haske. Ermes ya tsaya yana kallon ma'aikatan wurin suna zaunar da mutum-mutumin, suna gyara masa hannu, suna ɗaura masa bel, suna shafa masa alli mai launi a kafaɗa da kai don a ga inda zai bugu. Ya tambayi kuɗinsa, aka faɗa masa, ya yi fito.

"Sauro, zo ka ga surukina. Ga shi nan sak. An ba shi kujera mafi kyau, ya fi kowa tsada, kuma ko sannu ba zai ce ba."

Ivo ya ce, "Aƙalla shi ba ya neman ƙari a tebur."

Aka kora su bayan gilashi, aka busa ƙararrawa. Ermes ya yi niyyar rufe ido amma bai samu dama ba, don kafin ya ƙifta an gama. Ƙara guda ce kamar an saki tulin kwanoni daga saman bene, motar ta yi tsalle gefe, gilasai suka watse. Da aka ba su izinin matsawa, shi ya fara isa. Ya durƙusa ya shafa dokin ƙofar. Yana nan miƙe sambal, ko ɗinki ɗaya bai tsage ba.

"Kun gani ko! Injiniya, zo ki gani! Ko gezau!"

Tiziana ta nuna masa sama da yatsa. Ƙofar ta shige ciki kamar an taka gwangwani, ta manne da ƙirjin mutum-mutumin, kansa ya langaɓe a kafaɗa. Wani ma'aikaci ya karanto sakamako daga takarda: milimita hamsin da takwas. Ermes ya tambaya, da mutum ne fa? Ma'aikacin ya ce da mutum ne, da yanzu ana neman limamin cocinsu.

A hanyar komawa suka iso Piacenza. Suka tsaya cin abinci, aka kawo wa Ermes faranti, ya ci rabi ya ture. Ivo ya ce tun da yake bai taɓa ganin wannan abin al'ajabi ba. Ermes dai tunanin mutanen da suka sayi motocinsa a shekara talatin yake yi, yana ƙirga fuskokin da ya sani. Can ya juya ya dubi Tiziana.

"Injiniya, na ci ƙasa. Faɗi abin da za a yi."

Abin da ta zana da farko mai sauƙi ne. Tunda amalanken ta sama yake bi, a ɗaga dokin ƙofar ya tare shi. Ermes ya yi aikin da zuciya ɗaya, har ya ƙara da nasa. Cikin mako uku ya gina wata katangar ƙarfe a kowane gefe, mai tsayin da ya kusa kai wa mazaunin kujera haƙarƙari, mai faɗin taki guda. Aka ɗora rufi da kujeru na wucin gadi. A kwamfuta abin ya wuce da rata mai yawa. Saura awon Tumbi.

Ranar Alhamis ce, kuma an yi rashin sa'a Nives ta zuba masa abincin rana kamar na mutum biyu. Ma'aikata suka taru. Ermes ya ɗaga ƙafar dama ya tsallaka katangar, ya sunkuyar da kai ƙarƙashin rufi, ya riƙe sitiyari, ya saki jiki. Ya faɗa kujera tim, kamar buhun gari. Aka yi tafi.

"To fito," in ji Oreste.

Ya ɗaga ƙafar hagu, gwiwa ta tokare sitiyari. Ya karkata, tumbi ya tokare katanga. Ya gwada fitowa da kai, kafaɗa ta maƙale a rufi. Ya koma ya zauna yana haki.

"Ina zuwa. Hutawa nake."

"Huta da kyau, Tumbi," in ji Ivo. "In kawo maka jarida?"

Mutum biyu suka kama hannayensa suka ja, ya yi ihu ya ce za su tsinka shi gida biyu. Aka zagaya ta ɗaya ƙofar aka tura, bai motsa ba. Dariya ta hana kowa ƙarfi, Oreste kansa ya zauna a kan taya yana share hawaye. Tiziana ce kaɗai ta daure, ita ma da ta juya baya kafaɗunta rawa suke. Ana cikin haka Ivo ya sulale ofis ya buga wa Nives waya. Ba a yi minti ashirin ba sai ga ta a kan kekenta, da siket ɗinta mai guga da jakar hannu, ta jingine keken ta fito da kwalbar man zaitun ta dangwarar a kan bodin motar.

"An ce mini mijina ya maƙale. Ta ina za a fara shafawa?"

"Uwargida, don Allah koma gida. Aiki muke."

"Na ga aiki. Shekara talatin ina cewa motocin nan tarkon ɓera ne, yau ga shi sun kama gafiya."

A ƙarshe sai da aka kwance sitiyari, aka sassauta kusoshin kujera aka ja ta baya, sannan Ermes ya fito da rarrafe, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Oreste ya daina dariya, ya ce magana ta gaskiya, motar da mai kuɗi ba zai iya fita daga cikinta a ƙofar gidan cin abinci ba, ba mai saye. In an rage katanga doka ta hana, in an bar ta kasuwa ta hana.

Tiziana ta dubi Nives ta ce, "Inna, ke ba za ki gwada mana ba? Matan masu sayen ma ai shiga suke."

"Ni? Allah ya kiyaye."

"Rabu da ita, Injiniya," in ji Ermes yana goge wuya. "Ba za ta iya ba. Ƙashinta ya tsufa."

Nives ta miƙa wa Ivo jakarta. Ba ta ɗaga ƙafa ta tsallaka kamar yadda mazan suke yi ba. Juya wa motar baya ta yi, ta zauna a kan katangar kamar mai zama a dakali, ta zame ta sauka a kujera, gwiwoyinta a haɗe, sannan ta juyo da ƙafafunta biyu tare. A nan dugadugan takalminta suka bugi katangar ta can gaba, kusa da maƙalar ƙofa. Ta sake gwadawa, suka sake bugawa.

"Ku dai maza ba ku da lura. Nan baya da kuka yi tsawo ai daɗi ya yi, wurin zama ne. Ƙafa ce ba ta da hanya. Wa ya ce muku sai katanga ta zama tsayi ɗaya daga farko har ƙarshe?"

Ermes ya tsaya baki buɗe. Ya zaro alli daga bayan kunne, ya durƙusa a gaban matarsa, ya ce ta sake. Duk inda takalminta ya goga sai ya yi alama. Da ya haɗa alamomin, sai ga layi ya taso da tsawo daga bayan kujera, inda ƙugu da haƙarƙarin direba suke, ya gangaro a hankali zuwa gaba inda ƙafa ke wucewa.

"Injiniya, wannan fa?"

Tiziana ta daɗe tana kallon layin. Ta ce rabin matsalar ya warware, amma inda aka rage tsawon, dole ƙofar da kanta ta ɗauki duka. Za ta sa ƙarfe a cikin ƙofar daga gaba zuwa baya, sai dai abin da take tsoro shi ne in an daki ƙofa takan zame daga gurbinta ta shige ciki da ƙarfen gaba ɗaya. Ermes ya ce wannan kuma a bar masa. Ya yi shekara biyar yana ƙera ƙofofin da bijimai ke tunkuya. Ƙofar garke ba kaurinta ke riƙe ta ba, sakata ce. Ya zana mata a kan siminti: harshen ƙarfe a ƙarshen ƙofa, da rami a jikin ginshiƙin bayan kujera. In an rufe ƙofa harshen yana kwance a ramin ba ya taɓa komai, in an daki ƙofar sai ya cije, ƙofa da ƙashin mota su zama abu ɗaya. Daga ginshiƙin kuma ya ratsa wani bututu ta bayan kujeru zuwa ɗaya gefen, don dukan ya sami hanyar wucewa.

Nives ta fito daga motar ba wanda ya kama mata hannu, ta karɓi jakarta da kwalbar manta, ta ce a tebur za a ci wannan tunda ba a yi amfani da shi ba.

Rigima ɗaya ta rage, ita ce ta fi daɗewa. Tiziana tana so fatar waje ta katangar ta zama ta sirantaccen ƙarfe mai ɗakuna a ciki, wanda zai murƙushe in an dake shi. Ermes ya ce shi ba a haife shi don ya ƙera abin da zai murƙushe ba. Suka yi kwana huɗu suna jayayya, har ta kai ba sa shan gahawar safe tare. Rana ta biyar ta zo da guntayen bututu biyu, ɗaya mai kauri ɗaya siriri. Ta ce ya dafa tafin hannunsa a ƙarshen mai kaurin, ta ɗauki guduma ta maka wa ɗaya ƙarshen. Ermes ya yi tsalle yana yarfe hannu.

"Ke! Kashe ni za ki yi?"

"Yi haƙuri, Baba. Dafa wannan."

Ya dafa siririn yana hararar ta. Ta maka masa guduma da ƙarfin da ya fi na farko. Bututun ya naɗe kamar hannun riga, hannun Ermes kuwa ɗan girgiza kawai ya ji.

"Duka ba ya ɓacewa, Baba Ermes. In ƙarfe ya ƙi shanye shi, haƙarƙarin direba ne zai shanye. Ciki nake so ka yi mini wanda ba ya lanƙwasa. Waje kuwa ka bar shi ya mutu a madadin mutum."

Ermes ya juya naɗaɗɗen bututun a hannunsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Da kin faɗi haka tun ran Litinin ai da ba ki karya mini yatsu ba." Tun daga ranar ya daina ce mata Injiniya da gatse, ya koma ce mata 'yata, sai in sun yi faɗa.

Walda a kan sirantaccen ƙarfe ta fi wuya, wuta kaɗan ta yi yawa sai ya huje. Ermes ya ɓata guda goma sha ɗaya kafin hannunsa ya gane. Ivo ya jera su a kan taga ya rubuta musu lamba da jan fenti, ya ce gidan tarihin Tumbi ke nan. Da aka haɗa ƙashi na uku, Ermes ya ci abincin rana har da ƙari, ya zo ya juya wa motar baya, ya zauna a katanga, ya zame, ya juyo da ƙafafu. Ya fita. Ya sake, ya sake, ba nishi. Oreste ya sumbace shi a tsakiyar sanƙo.

Bayan wata biyu suka koma wurin gwajin. Wannan karon Nives ta ce da ita za a je, ta sa hular da take zuwa biki da ita. Ermes ya leƙa ta taga ya gyara wa mutum-mutumin bel da hannunsa, ya ce masa, "Suruki, yau ka riƙe mini mutuncina." Aka busa ƙararrawa, amalanke ya taho, aka ji ƙarar. Nives ta ƙanƙame hannun Ivo har ya yi ƙara shi ma.

Gefen motar ya yi muni fiye da na farko. Fatar waje ta murƙushe kamar takardar da aka dunƙule, Ermes ya kawar da kai. Amma da ya leƙa ciki, ƙofar tana gurbinta, sakatar ta cije, tsakanin ƙofa da ƙirjin mutum-mutumin kuwa hannunsa ya shige. Ma'aikacin nan na ranar farko ya zo da takardarsa, ya gyara tabarau, ya ce milimita talatin da ɗaya.

Ermes ya ɗaga Tiziana sama cak ya juya da ita, tana ihu ya sauke ta. Oreste ya rasa wanda zai runguma, ya rungumi ma'aikacin. A Piacenza suka tsaya a gidan abincin da suka tsaya a wancan karon, Ermes ya ci faranti biyu da rabin na Ivo, aka buɗe jan ruwan inabi mai kumfa, Nives ta yi ta ba masu hidima labarin yadda ta zana motar tsere da dugadugan takalminta.

Motar ta shiga kasuwa a bazarar da ta biyo, ta yi farin jini daidai gwargwadon ƙaramar rumfa irin tasu. Ermes ya ƙara shekara bakwai yana aiki kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Oreste ma ya tsufa ya miƙa wa Tiziana ragamar aikin. Ermes ya koma gida yana ƙera wa maƙwabta rumfunan inabi da lilon jikoki, yana ƙorafin cewa yanzu komai da gam ake liƙawa.

Wata Lahadi da hantsi, Nives tana ɗora romo, wata motar kaya ta tsaya a ƙofar gidan. Wani mutum mai furfura ya fito, ya ce sunansa Fulvio, likitan haƙori ne daga Trieste. Ya ce watanni uku da suka wuce motar rarraba burodi ta tsallake jar wuta ta dake shi a gefen direba, yana cikin motarsa ƙirar rumfar Oreste. Motarsa ta tashi aiki, shi kuwa ya fito da ƙafafunsa, ba abin da ya same shi sai tsamin jiki da karyewar agogo. Ya je rumfar ya yi godiya, aka ce masa ga gidan wanda ya ɗinka ƙofar. Ya buɗe bayan motar kayan, sai ga ƙofar nan a kwance a kan bargo, a murƙushe, ga kuma kwandon kyauta a gefenta.

"Baba, ban san da bakin da zan gode maka ba. Ina da 'ya'ya uku."

Ermes ya ce madalla, madalla, Allah ya ƙara kiyayewa, amma idonsa yana kan ƙofar. Ya sa tabarau, ya hau motar da ƙyar, ya bi ɗinkin da yatsa daga gaba zuwa baya. A kusa da sakatar yatsan ya tsaya. Ya kankare fenti da farce, ya matso da fuska.

"Kai! Nan ya tsage. Ka gani? Kusan faɗin yatsa biyu."

"Baba, ai ni ban ji komai ba."

"Kai ba ka ji ba, ni na ji."

Ya sauko ya shige gida ya ɗauki waya, ya bar baƙon a tsaye da kwando a hannu. Nives ta fito tana goge hannu, ta karɓi kwandon, ta ce ya shigo ya zauna, kada ya damu, haka mijinta yake murna. Ta zuba masa romo da taliya, ta barbaɗa cuku, ta tambaye shi sunayen 'ya'yansa. Daga zaure ana jiyo muryar Ermes yana cewa, "'Yata, na san Lahadi ce, saurara mini. Wurin sakatar nan, gobe ki sa a ƙara masa ɗinki ta ciki. A'a, ba a kwamfuta na gani ba, ga ƙofar nan a ƙofar gidana. To ki zo ki gani mana! Ki taho da mamanki, akwai abinci."